Hamida Gola da Ɗiyar Fari

In ka shiga Jega ka tambayi gidan Hamida, za a ce maka wace Hamida, don suna da yawa. Amma ka ce Hamida Gola, ko ɗan kabu-kabun da ya zo garin jiya zai sauke ka a bakin lungun. Matar Garba mahauci ce, sana'arta dambun nama, kuma daga ƙarar taɓaryarta maƙwabta ke gane ko yau ana shiga gidan ko a bari sai gobe. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu. A gabanta ba a taɓa ganin kofi ya suɓuce wa yaro ya kai ƙasa ba. Sunan Gola kuwa tun na makaranta ne, ya biyo ta har ɗakin aure, yanzu yaran unguwa da yawa sun ɗauka sunan kakanta ne.

A Jiga Birni aka haife ta, gidan manoman albasa. Tun tana ƙarama, in ana tsintar albasa a fadama, yayyenta maza kan jefe ta da ruɓaɓɓu don tsokana, ita kuwa ta cafke ta mayar musu a goshi. Da haka hannun ya faɗa. Da aka kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, malamin wasanni ya gan ta ta cafe kwanon da wata ta wurgo mata ta taga, washegari ya tsayar da ita a ragar ƙwallon hannu. A nan ta haɗu da Charity, ɗiyar Mama Agnes, wata ma'aikaciyar jinya da aiki ya kawo Jega tun Charity na goye. Charity bahaguwa ce, in ta ɗaga ƙwallo 'yan mata har runtse ido suke yi. Hamida kaɗai ba ta runtsewa. Kullum da yamma su biyu ke ragewa a fili, wannan na jifa, waccan na tarewa, har a kira magariba. Kwanonsu ɗaya, sabulunsu ɗaya, in an yi wa ɗaya bulala ɗayar ke kuka.

Suna gama makaranta aka kira su duka biyu sansanin 'yan wasa a Birnin Kebbi. Charity ta ɗauki jaka ta tafi. Hamida kuwa Garba ya riga ya shiga ranta, saurayi mai fara'a da ke kai wa gidansu tsire ranar kasuwa. Ba wanda ya matsa mata, ita da bakinta ta ce aure take so, kuma har gobe in ka tambaye ta za ta ce ba ta yi da-na-sani ba. Gaskiya take faɗa, Garba mutumin kirki ne. Charity ta yi Legas, daga nan aka ji ta a Arewacin Afirka, daga nan Turai. Duk Hamida ta ji, ko a jikinta, ta ce Allah Ya ƙara ɗaukaka, kuma har zuciya ta faɗa.

Abin da ya taɓa ta ba Turai ba ne, Aliya ce.

Aliya ita ce ɗiyarta ta fari. A gidansu Hamida kuwa, kamar gidaje da dama a ƙasar nan, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an ce mata ɗiyarki ta yi kyau sai ta kau da kai ta shiga wata magana. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye Aliya, Inna Kubura, uwar Hamida, ta zo ta goye abarta ta tafi Jiga Birni. Can yarinya ta tashi tana kiran kakarta Inna, tana kiran wadda ta haife ta Yaya. Da Inna Kubura ta rasu aka dawo da ita Jega, ta yi wayo sosai, kiran bai canza ba. Hamida kuma "Ke" take ce mata. Ke, ɗauko tsintsiya. Ke, kin yi salla? In tana maganarta da wasu sai ta ce "waccan". Sauran yaran, Isiyaku da ƙannensa, wuni take tana kwala musu suna, har da zagi. Aliya kuwa ko zagin ba ta taɓa samu da sunanta ba.

Kada ka ce ba ta son ta. Wallahi duk cikin 'ya'yanta babu wadda take ji har cikin ƙashi irin waccan ɗin. Ita ta kwaso tsayinta, ita ta kwaso tafin hannunta. Kuma ba tare da kowa ya ce mata kanzil ba, ranar da ta shiga sakandare ta je ta tsaya a raga.

To, a shekarar da nake ba ku labari, ƙungiyar da Charity ke yi wa wasa ta samu shiga gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta Turai, inda manyan 'yan ƙwallon hannu na duniya ke haɗuwa. Ana farawa da ƙarshen damina, a yi ta bugawa gida da waje, har wata daminar ta kawo kai. Jega da ba ta san wata ƙwallo ba sai ta ƙafa, sai ga mahauta suna gardamar ƙwallon hannu suna fiɗa. Charity ta aiko wa uwarta babbar talabijin da ake haɗawa da waya, falon Mama Agnes ya koma gidan kallon 'yan mata. Duk ranar wasa, da an yi la'asar, Aliya ta yi wanka ta zura hijabi ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya, za ni gidan Mama Agnes, yau Mami na da wasa."

Mami! Ka ji fa. Charity ce Mami. Don bayan kowane wasa Charity kan kira uwarta ta bidiyo, gumi na tsiyaya, kafin ma su gama gaisawa ta ce a ba ta ɗiyarta. Hamida ta ji da kunnenta wata rana da ta kai wa Mama Agnes dambu.

"Aliya! Aliyata! Golar duniya! Kin ga yadda golarsu ta buɗe ƙafa? Ke kar ki yi haka, kin ji ɗiyata?"

Sunan na fita daga bakin Charity a sauƙaƙe, ta faɗa ta sake faɗa, ba ta ma san tana ɓarnar wani abu ba. Yarinya kuwa baki har kunne, irin fuskar da ba ta taɓa yi wa Hamida ba. Hamida ta ajiye kwanon dambu, ta yi sallama a tsaitsaye ta fito. Ranar naman da ta daka sai da ya koma gari.

Kishi ne, ba wani abu ba, kishi tsagwaronsa. Ba ta kishin jirgin da Charity ke hawa, ba ta kishin filin nan mai sheƙi da dubban mutane ke ihu a ciki. Suna guda take kishi. Ita ta zaɓe shi tun da ciki, ta aika wa Garba ta bakin ƙanwarsa don ba ta iya faɗa masa da kanta, ga shi yau kowa na kira ban da ita. Kuma tana gani ƙiri-ƙiri ɗiyarta na zamewa tana komawa hannun wadda ke kira.

Ta rantse ba za ta kalli wasan ba. Rantsuwar ba ta yi nisa ba. Akwai tsohuwar wayar Garba a gidan, sai ta jingina ta da turmi, ta rage murya, tana tsinkar nama tana leƙe. Kuma Allah na gani, ba Charity take goya wa baya ba, gololin abokan karawa take bi, ko daga wace ƙasa suke.

"Dubi wagga doguwar banza! Ke ba ki ga kafaɗarta ba? Ƙasa za ta jefa, ƙasa!"

Charity na da wani hali tun na makaranta: in za ta jefa fenareti ta ƙasa, sai ta ɗan sauke kafaɗar dama ta lashi leɓe. Wasu gololin sun gane, wasu ba su gane ba. Waɗanda ba su gane ba sun sha zagi daga Jega ba su sani ba.

Wata yamma Garba ya dawo daga kasuwa da wuri, ya same ta ta ɗaga hannu sama tana tare iska.

"Ashe ana kallo," in ji shi.

"Wa ke kallo? Labarai nike nema."

"Labarai da usur? Hamida, ki tahi gidan Agnes mana ki zauna cikinsu. Ki hwaɗa wa yarinyar nan abin da kinka sani. Mi zai ci ki?"

"Baban Isiyaku, ka ruhwa mani asiri. In zauna gaban mutane ina koya wa waccan wasa? A ce ɗiyar Kubura ta zubar da kunya? Ai tana da Mami."

Garba ya yi dariya ya shige ɗaki, dariyar ta fi mata zagi ciwo.

Gasa ta yi ta tafiya. Su Charity su ci a gida, a lallasa su a waje, su dawo su rama. Da tsakiyar sanyi Charity ta faɗi a kan gwiwa, aka fitar da ita tana ɗingishi, ta jima ba ta buga ba. Aliya ta dawo gida ido jawur, ta ƙi cin tuwo, bayan kowace salla ana jin ta tana roƙa wa Mami lafiya. A makon ne man suya ya fallatsar wa Hamida a hannu har ya tashi. Yarinyar ta ce "Sannu, Yaya", ta karɓi wanke-wanke, iyakarta ke nan, ba a ƙi cin tuwo ba. Ita kuwa Hamida da ta ji labarin gwiwar, wani sanyi ne ya ratsa mata zuciya. Ta yi istigfari, ta sake yi, sanyin bai tafi ba. Ta ji kunyar kanta ƙwarai, don wannan Charity ce fa, wadda suka ci kwano ɗaya.

Charity ta warke ta dawo, ƙungiyar ta tsallake rukuni da ƙyar, ta kai zagayen da ake cewa in an fitar da kai ka tafi gida. Nan tafiyar ta tsaya. Ana dab da tashi aka ba su fenareti, in ta shiga sun wuce. Charity ta tsaya, ta sauke kafaɗa, ta lashi leɓe, wata gola mai jan gashi ta zube ƙasa ta tare. Hamida ta yi tsalle har ta ture murfin tukunya, saura kaɗan ta rangaɗa guɗa. Murnar ba ta kwana ba. Aliya ta dawo da hawaye da kuma labari, ta tsaya a tsakar gida tana faɗa wa ubanta, uwar na ji daga madafa.

"Baba, Mami ta ce da an yi ruwa tana nan tahe. Za ta gwada 'yan mata na Jega da Aliero da Maiyama. Golar da ta ci za ta kai ta makarantar wasanni Abuja, ta zamo hannunta, hutu ma wurinta za a yi."

Garba ya ce in karatu na ciki shi ba ya da ta cewa. Ba wanda ya tambayi Hamida, kuma daidai ne, uwa ba ta sa baki a zancen ɗan fari. Ta ce wa tukunya Allah Ya sa alheri. An ɗauke mata yarinyar nan sau ɗaya tana goye, ta haƙura don uwarta ce. Yanzu kuma za a sake ɗaukewa.

Ruwa ya sauka, Charity ta iso. Ba ta kwana biyu ba ta zo gidan da kanta, ba girman kai ko kaɗan, wanda da ta yi shi da Hamida ta samu abin riƙewa. Ta rungume ta tana ihu.

"Golata! Wallahi Hamida na zaga duniya, har yau in na tsaya jifa ke nike gani a raga. Ɗiyarki ta gado ki, hannun nan naki ne sak."

Hamida ta kau da kai ta ce ruwan bana ya zo da wuri.

"Ki ba ni ita, don Allah. In ta ci gwajin ki bar mani ita."

"Ai taki ce," in ji Hamida. Abin da ake faɗa ke nan, ba a faɗin wani. Ta faɗa tana murmushin yaƙe.

Ranar gwaji ta ce ba inda za ta. Hantsi na yi ta ɗauki bokitin dambu ta ce taro ne, ba a rasa ciniki. A filin wata makaranta aka yi, ƙasa da laima don an yi yayyafi da asuba. Ta raɓa cikin mata a gindin dogon yaro, daidai bayan raga, ta ja hijabi har goshi. Malam Ɗalha, kocin 'yan matan yankin, shi ke riƙe da usur. Aka yi ta tankaɗe gololi har suka rage biyu: Aliya, da wata Mardiyya daga Mungadi, gajera, mai zafin nama. Charity ta cire agogo ta ce ita za ta jefa musu fenareti da kanta, bi da bi, wadda ta fara bari ƙwallo ta shiga alhali ɗayar ta tare, ta fita.

Suka yi ta kai ruwa rana. In ta shiga wa wannan ta shiga wa waccan, in wannan ta tare waccan ta tare. Can Mardiyya ta doke wata ƙwallo da ƙafa, mutanen Mungadi suka ɗauki sowa. Aliya ta shiga raga. In ta tare a ci gaba, in ta shiga shi ke nan.

Ni dai ba zan rufa wa Hamida asiri a nan ba. Tun da ta zo filin addu'a ɗaya take yi a ranta, Allah Ya sa ƙwallon nan ta shiga. Ta shiga, yarinya ta yi kukanta ta gama, ta zauna a gida inda za a riƙa ganinta ko da ba a kira ta ba. Tana cikin wannan ne ta ga Charity ta sauke kafaɗar dama. Ta ga harshe ya taɓa leɓe. Ta ga ɗiyarta tsaye zanƙal, hannuwa sama. Sai addu'ar ta bi iska, wani abu ya taso mata tun daga ciki, bai tsaya neman izini ba.

"Aliya! Ƙasa!"

Muryar mai daka ce, har bakin titi an ji. Malam Ɗalha ya riga ya busa usur, hannun Charity ya riga ya tafi. Aliya kuwa ta juyo. Gaba ɗaya ta juyo, ta ba wa ƙwallo baya, tana neman inda muryar ta fito. Ƙwallon ta wuce ta gefen ƙafarta ta kwanta a raga, ko kallonta ba ta yi ba. Uwarta take kallo, baki buɗe.

Cikin matan gindin dogon yaro wata tsohuwa ta saki salati. "Hamida ce? Hamida ce ta kira sunan ɗiyar hwari gaban maza?" Charity ta ce a sake, an ɗauke wa yarinya hankali. Malam Ɗalha ya ce an busa usur, kuma ga mutanen Mungadi sun riga sun ɗaga Mardiyya sama, in aka sake za a ce don 'yar gida ce. Charity ta san gaskiya ya faɗa, ta je ta rungume Mardiyya. Bayan nan ta tako har gindin itacen, ta tsaya gaban Hamida ta yi ƙasa da murya.

"Da kin bar ta, Golata. Ta gani ai. Ni na ga gwiwarta ta hwara sauka."

Hamida ta sunkuya. Ta ɗauki bokitinta, ko cokali ɗaya ba ta sayar ba, ta kama hanyar gida.

To, ga shi ta samu abin da ta roƙa. Aliya ba za ta Abuja ba, ba za ta hannun Mami ba, tana nan Jega. Kafin la'asar zance ya zaga unguwa, wasu na cewa Hamida ta zubar da kunya, wasu na cewa da gangan ta yi don kada yarinyar ta tafi. Na biyun ya fi yi mata zafi, don ba ta iya rantsuwa a kai. Ta san lokacin da ta yi ihun so take a tare. Ta kuma san abin da ta wuni tana roƙo. Duka biyun nata ne, kuma yarinyar ce ta biya.

Rana ta yi sanyi tana zaune a tabarma, kwanon nama a hannu, tana tsinka ba ta ganin abin da take tsinka. Aliya ta shigo, har yanzu da jesin da Charity ta ba ta, gwiwoyi duk taɓo, ido a kumbure. Ba ta wuce ɗaki ba kamar yadda ta saba. Ta zo ta zauna a bakin tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba tun dawowarta gidan. Hamida ta so ta ce ki yafe mani. Ta so ta ce ke kin fi ni tsayuwa a raga. Da ta buɗe baki abin da ya saba fita shi ya fito.

"Ke, ga abincinki can an ruhe."

Yarinyar ba ta motsa ba.

"Yaya."

"Mi ne?"

"Ashe kin san sunana."

Kwanon ya suɓuce daga hannun Hamida Gola, kuma ba ta ko yunƙura ba. Aliya ce ta cafe shi kafin ya kai ƙasa. Ta riƙe shi a cinya ba ta miƙa ba, ta zauna tana jira a kira ta da sunanta kafin a karɓa.